Zullumin Da Ba Ya Yankewa Cuta Ne, Ba Raunin Imani Ba

Akwai wata cuta da ke kama mutane a Ɗankaza da sauran ƙasar Wudil, amma ba a kiranta cuta. Falke ya sayar da shanunsa a kasuwar Wudil ran Jumma'a, ya ci riba, kana ya kwana yana lissafin hasarar da ba ta zo ba. In tunanin bashi ya sake shi, sai na 'ya'ya ya kama shi. Barci ya ƙaurace masa, wuya da kafaɗu su ɗaure, ga gajiya, ga saurin fushi. Likitoci sun ce idan wannan hali ya rinjayi yawancin kwanaki har wata 6, mai shi kuwa ya kasa tsai da shi, to ya zama cuta, kuma tana da magani.

Sau da yawa in irin wannan bawan Allah ya kai kukansa ga malami, sai a ce masa ba shi da tawakkali. Wannan magana ƙarin kaya ce. Da yana tsoron talauci kaɗai, yanzu ya koma yana tsoron halaka. Alhali kuwa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata gare shi, ya kan nemi tsari daga damuwa da baƙin ciki, kuma shi ne ya hori al'umma da neman magani.

Magabata ba su jahilci wannan ba. Abu Zaidi Balkhi, wanda ya rasu a 934 Miladiyya, ya bayyana cikin littafinsa Masalihul Abdani wal Anfusi cewa rai yana ciwo kamar jiki. Ya yi magana a kan tsoro da waswasi, ya ba da shawara mutum ya tanadi tunani nagari tun yana lafiya, kamar yadda a ke ajiye magani a ɗaki. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, shi ma ya wallafa littattafai a kan ilmin magani. Ashe haɗa addu'a da magani gado ne.

Cutar kuma ba ta wani gari ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 301 ne ke fama da cututtukan fargaba a 2019, kuma wajen ɗaya cikin huɗu kaɗai ke samun magani.

Saboda haka wajibin malami, bayan addu'a da lallashi, ya tura mai zullumi asibitin Wudil a duba shi, gama wani lokaci ciwon maƙoƙo ne ke kawo bugun zuciya da fargaba. In ya kamata, a miƙa shi Asibitin Malam Aminu Kano ko na Dawanau. Masu cewa wurin mahaukata ne sun yi kuskure. Wanda ya tari cuta da wuri shi ne mai hankali. Maganin iri biyu ne: zama da masani wanda zai koya masa auna tunaninsa da gaskiya, da ƙwayar likita wadda ba ta nuna aiki sai bayan makonni, ba a kuwa yanke ta rana ɗaya.

Shi ma mai ciwon yana da nasa aiki. Ya rage goro da shayi da gahawa, musamman da yamma. Ya tsare lokacin barci, ya riƙa tattaki, kada ya ƙaurace wa jam'i da zaman 'yan'uwa. Ya nisanci ƙwayar barci ta 'yan talla, domin ta kan kama mutum ta zama cuta ta biyu.

Malamin da ya ce wa mai zazzaɓi ya tafi asibiti, lalle ya faɗa wa mai zullumi haka nan. Allah ya ba marasa lafiya lafiya, amin. Wassalam.