Ashana Daban, Tushen Gobara Daban

Masu fassara mana labarai daga Ingilishi a Parakou da Djougou, don Allah a lura da "triggered by". Ma'anarsa daban da ta "caused by". Na farko yana nuna abin da ya ƙyasta ashana, na biyu kuwa tushen matsalar.

In aka ce shigar saniya gona ce ta "trigger" rikicin manoma da makiyaya a Borgou, ana nufin ita ta kunna wutar. Tushen kuwa sau da yawa burtalin da gonaki suka cinye ne, alhali dokar kiwo ta 2019 ta tanadi kare shi. Ka fassara da "ta haddasa", sai mai sauraro a Tourou ya ɗauka Bafulatani kaɗai ne mai laifi. Jama'a, "ta kunna" ya fi adalci.