Kada Mu Yi Cinikin Biri A Sama

A wannan fitowa muna so mu ba ku labarin wahalar da muka sha da injin buga takardu, watau firinta, don kada wata ƙungiya ta faɗa ramin da muka faɗa.

Bayan kaka ƙungiyoyinmu suka yi karo-karo, muka sayo sabuwar firinta a birni domin buga rasit na bashi da jerin sunayen masu karɓar taki. Mai kanti ya ce ba ta bukatar igiya, ta iska za ta riƙa karɓar aiki daga kwamfuta da wayoyinmu, abin da ake kira wayifai. Muka biya, ba mu ce a gwada ba. Da muka kai ta ofis, sai ta ƙi haɗuwa da wayifai ɗinmu sam.

Muka buga lambar taimako da ke jikin kwali. Wata murya ta yi ta cewa da Turanci mu danna wannan, mu danna wancan, har kuɗin waya ya ƙare. Ran da muka sami mutum, sai ya ce mu kashe mu kunna. Mai kanti ya ce mu nemi kamfani. Kamfani kuwa ya ce ba ta hannun wakilinsa aka shigo da ita ba, saboda haka ba ruwansa da garanti. Mako uku muna wannan kai da kawowa, ga damina ta ƙarato. Dole magatakarda ya kwafi sunaye da hannu, cikin gaggawa ya tsallake sunan wata gwauruwa. Da ba ta zo da kanta ta yi magana ba, da ta rasa takin bana.

Wani saurayi mai gyaran waya a kasuwarmu shi ne ya gano matsalar, kuma ya kamata ku san ta. Akwatin da ke rarraba intanet a ofis, wanda ake kira rauta, yana da hanyoyi biyu, ta gigahaz 2.4 da ta gigahaz 5. Ƙananan firintoci da yawa hanyar 2.4 kaɗai suke ji, namu akwatin kuwa an saita shi a kan 5. Ban da wannan, rauta takan ba kowace na'ura lambar adireshi. In aka ɗauke wuta aka dawo da ita, lambar tana iya canzawa, sai kwamfuta ta nemi firinta ta rasa. Saurayin ya buɗe hanyar 2.4, ya ba firinta lambar da ba ta canzawa. Aikin bai kai awa ɗaya ba.

Lalle kamfani yana da laifi, gama wanda ya karɓi kuɗin mutum bai kamata ya bar shi da muryar inji ba. Amma mu ma muna da namu. Wane manomi ne zai sayi sān noma bai duba haƙoransa ba, bai ga tafiyarsa ba? Don me za mu sayi inji a rufe cikin kwali?

Ga shawararmu. Na farko, ku tafi kanti da kwamfutarku da wayarku, a buga takarda a gabanku kafin ku biya. In kwamfutar tsohuwa ce, ku kula ƙwarai, domin kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 7 tun Janairu 2020, sababbin firintoci da yawa kuma ba sa aiki da ita. Na biyu, ku zaɓi wadda ke da wurin sa igiyar USB, ku sayi igiyar nan take, domin sau da yawa ba ta cikin kwali. Na uku, ku duba ƙarfin wuta. Tamu a Nijeriya bolt 230 ce, injin da aka yi don Amurka kuwa 120 yake sha. Na huɗu, ku tambayi kuɗin tawada da inda ake samun ta kusa. Na biyar, ku karɓi rasit da garanti a rubuce, ma'aji ya adana su. Dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018 ta kafa hukumar FCCPC don sauraron irin wannan ƙara, amma in ba rasit, da me za ku kafa hujja?

Kuɗin ƙungiya gumin jama'a ne, amana ne a hannunmu. Kafin mu sayi kowane inji, ko firinta ko famfon ban ruwa, mu tambaya: in ya lalace, wa zai gyara, kuma tafiyar awa nawa ce? Sayen nagari, mayar da kuɗi gida.