Rumbu Kafin Shuka

Wata al'ada ta kama masu ƙera manhajojin intanet a 'yan shekarun nan. Da an fara sabon aiki, tun kafin shafi ɗaya ya tsaya da ƙafarsa, sai a ce a dakata a kafa rumbun sassa tukuna: maɓalli, akwatin rubutu, teburi, tagar gargaɗi, duk a jere su a manhajar Storybook ana ta sha'awa. Wai don kada a sha wahala gobe. Ni dai a ganina, riga malam masallaci ne.

Masu wannan al'ada kullum da Bootstrap suke kafa hujja. To su koma su duba asalinsa. Mark Otto da Jacob Thornton sun haɗa shi a Twitter ne bayan manhajojin cikin gida sun yi yawa, kowacce da nata kamanni, aka rasa mai daidaita su. Sai a 2011 aka sake shi ga kowa. Ciwon ne ya fara zuwa, sannan aka nemo magani.

Na taɓa aiki da wasu matasa da suka ɓata makonni a kan maɓalli ɗaya. Ranar da aka kawo zanen shafin biyan kuɗi, sai aka ga maɓallin bai dace ba, ana son ya riƙa juyawa yayin da ake jiran banki. Aka ƙara masa zaɓi. Shafin rajista ya zo, aka ƙara wani. Kafin ka ce kwabo, maɓallin ya zama dodo, kowa na tsoron taɓa shi, sai dai ya kwafa ya yi nasa a gefe. Abin da aka guda ke nan tun farko.

Martin Fowler ya kawo wata ƙa'ida ta Don Roberts a littafinsa Refactoring na 1999: ka jure maimaici har sau biyu, sai a karo na uku ka ware abin ya zama na kowa. Sassa masu wuya kuwa, irin akwatin zaɓen kwanan wata da ya kamata makaho ya iya sarrafawa da madannai kaɗai, ka ɗauko na rumbun MUI, an riga an yi maka wahalar.

Malam injiniya, gina shafukanka guda uku tukuna, sai mu yi maganar rumbu.