Dakta Ne, Amma Ba Ya Allura

Duk wanda ya tashi a gidan Bahaushe a nan Greensboro ya san sana'o'i ukun da iyayenmu suka yarda da su: likita, lauya, injiniya. In ka ce bincike za ka yi a kan ƙwaƙwalwa, tambayar farko ita ce, "To wa zai biya ka?" Ni dai a ganina wannan lissafi yana sa mu asara, kuma aikin Dakta Mahmoud Bukar Maina ya ishe ni hujja.

Maina ɗan jihar Yobe ne. A Jami'ar Maiduguri ya karanta ilimin sassan jikin ɗan Adam, sannan ya wuce Jami'ar Sussex a Ingila, inda ya kammala digirin digirgir a 2017. Bincikensa a kan cutar Alzheimer ne, wato cutar mantuwar nan da mu a gida muke ce wa rikicin tsufa. Ya fi maida hankali kan wani furotin mai suna tau, wanda in ya lalace yakan dunƙule cikin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa har su mutu.

Amma abin da ya fi burge ni shi ne ƙidayar da shi da abokan aikinsa suka wallafa a mujallar Nature Communications a 2021. Sun bi rubuce-rubucen binciken ƙwaƙwalwa 12,326 masu ɗauke da sunan wata cibiya a Afirka, daga 1996 zuwa 2017. Guda 5,219 ne kacal suka tabbatar a Afirka aka yi aikin, kuma masu bincike na can suka jagorance shi. In aka raba, kusan guda 5 ke nan a kowace ƙasa a shekara. Biyar fa, jama'a!

Bai tsaya a ƙorafi ba. A 2021 aka buɗe cibiyar BioRTC a Jami'ar Jihar Yobe da ke Damaturu, shi ne ya kafa ta. Ana koya wa ɗalibai aiki da madubin likita na zamani, ana kuma aikin ɗaukar ƙwayoyin jikin mutanenmu a mayar da su tamkar sabbi, sannan a juya su su zama ƙwayoyin ƙwaƙwalwa don gwaji. Yawancin irin waɗannan ƙwayoyi da duniya ke bincike da su daga jikin Turawa aka samo su.

Wani zai ce, ai ƙwaƙwalwa ƙwaƙwalwa ce, ta Bature ko ta Bahaushe. Gaskiya ne, amma cuta ba ta kama kowa iri ɗaya. Tun 1992 aka fara kwatanta tsofaffin Yarabawa a Ibadan da tsofaffin baƙar fata a Indianapolis, sakamakon 2001 ya nuna cutar ta fi kama na Amurka nesa ba kusa ba. Abinci ne? Hawan jini ne? Gado ne? Amsar tana shafarmu kai tsaye, don iyayenmu a Maraɗi ko Kano aka haife su, a Amurka kuma suke tsufa.

Ko a nan garin namu an yi irin wannan aiki. Farfesa Goldie Byrd, lokacin tana Jami'ar A&T da ke titin East Market, ta shafe shekaru tana jawo baƙar fata su shiga binciken gadon cutar Alzheimer, kafin ta koma Wake Forest a Winston-Salem. Matsalarta da ta Maina ɗaya ce: in ba a sa ka cikin gwaji ba, maganin da za a haɗa ba da kai aka auna shi ba.

Na san damuwar iyayenmu. Sun bar gida, sun yi aikin dare da rana, suna son ɗansu ya kama abin da zai riƙe shi. Kuma ba ƙarya, hanyar bincike doguwa ce, albashin farko bai kai na likita ba. Sai dai su sani, a Amurka yawancin masu digirin digirgir a fannin kimiyya ba sa biyan kuɗin makaranta, har ɗan alawus ake ba su.

To, shawarata biyu ce. Kai ko ke da ke A&T ko UNCG, ku shiga ofishin malamin da ke da ɗakin gwaje-gwaje ku nemi aikin bazara. Na biyu, in Kaka ta fara manta sunan jikokinta, a daina cewa tsufa ne kawai ko jifa, a kai ta a duba ta. Mu da muke jin Hausa da Turanci mu ne za mu fassara tsakaninta da likita, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Allah Ya ba iyayenmu lafiya, Ya sa mu amfane su. Amin.