Malamin Jami'a Da Dokokin Shige Da Fice

A 'yan shekarun nan, in aka ɗebe maganar albashi, babu abin da ya fi damun malaman jami'o'inmu kamar maganar biza. Ƙasashen da a da suke zawarcin malamanmu da ɗalibanmu sun shiga tsuke ƙofofinsu ɗaya bayan ɗaya, har ta kai ga malami ya sami gayyata zuwa taron ilmi, a yi taron a watse bai ga takardar izinin shiga ba. Wannan jarida tana ganin kukan malaman nan yana bisa hanya. Amma kuma muna ganin ba zai yi tasiri ba sai mun yarda mu duba yadda mu kanmu muka riƙe baƙon malami a ƙasarmu, domin wanda ke neman a yi masa adalci a ƙofar wani, wajibi ne ya fara tsayar da shi a tasa ƙofar.

Kafin a fahimci ra'ayin malamin jami'a a kan wannan al'amari, ya kamata a san irin zaman da yake yi. A ɗauki misalin malamin da ke zaune a gidan haya a Ƙauyen Alu, ko Gyadi-Gyadi, ko Tarauni. In yana koyar da ɗaliban likita ne a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke kan hanyar Zariya, to ya huta da doguwar tafiya. In kuwa darasinsa yana tsohuwar harabar Jami'ar Bayero ne, ko sabuwar da ke kan hanyar Gwarzo, sai ya ratsa gari tun da sassafe. Tun da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin wannan zirga-zirga ya riɓanya, har wasu suka jingine motocinsu suka koma hawan a-daidaita-sahu. Da rana yana gaban aji mai ɗalibai ɗaruruwa, da dare kuma yana duba takardun jarrabawa, sau da yawa da fitilar caji. A kansa akwai kuɗin haya, da kuɗin makarantar yara, da hidimar dangi waɗanda suke ɗauka duk wanda ake kira Dakta ko Farfesa ya wuce rashi. Bai kuma manta da yajin aikin 2022 ba, wanda aka shafe wata takwas ana yi, daga Fabrairu zuwa Oktoba, aka riƙe albashi, gidaje da yawa suka shiga bashi.

Mutum mai irin wannan hali ba don yawon buɗe ido yake neman fita waje ba. Ƙa'idar aikinsa ce ta ce ba zai sami ƙarin girma ba sai ya yi bincike, ya wallafa, ya gabatar da abin da ya gano a gaban takwarorinsa. Wani binciken kuwa ba ya yiwuwa sai da na'urorin da babu su a ɗakunan gwaje-gwajenmu, ko kuma tsofaffin takardun tarihinmu da ke ajiye a Landan da Faris. Ofishin fasfo na Farm Centre yana nan kusa da gidansa a cikin Tarauni, amma daga 1 ga Satumba, 2025 kuɗin ƙaramin fasfo ya koma Naira 100,000, alhali mafi ƙarancin albashin da aka amince da shi a 2024 Naira 70,000 ne. Wannan shi ne tsani na farko, tun bai doshi ofishin jakadanci ba.

A can waje kuwa al'amura sai ƙara tsanani suke yi. Daga Janairun 2024 Ingila ta hana yawancin ɗaliban digiri na biyu zuwa da iyalansu, a watan Fabrairun shekarar kuma ta ƙara kuɗin kula da lafiya da take karɓa daga baƙi. A wannan shekarar ce aka umarci wasu ɗaliban Nijeriya a Jami'ar Teesside da su bar ƙasar, saboda faɗuwar darajar Naira ta cinye ajiyarsu sun kasa biyan kuɗin makaranta a kan lokaci. A watan Yulin 2025 Amurka ta mayar da yawancin bizar ziyara da take bai wa 'yan Nijeriya ta wata uku, shiga ɗaya tak. A cikin gida ma, asusun TETFund ya dakatar da ɗaukar nauyin sababbin malamai zuwa karatu a ƙasashen waje daga farkon 2025, bisa dalilin tsadar kuɗin musaya da kuma ƙin dawowar wasu daga cikin waɗanda aka tura.

To, mene ne ra'ayin malamin a kan duk wannan? Duk wanda ya zauna da malaman jami'a ya san ba su musa cewa kowace ƙasa tana da ikon sanin wanda zai shigo mata da wanda zai fita. Abin da suke ƙi shi ne dokar da ba ta rarrabe tsakanin mai laifi da marar laifi, wadda ke hukunta mutum saboda launin fasfonsa, ta ƙi shi ba tare da gamsasshen dalili ba, ta kuma riƙe kuɗin da ya biya. Suna kuma lura da cewa ƙasashen nan suna buɗe ƙofa in suna bukatar likitocinmu da ma'aikatan jinyarmu, waɗanda talakan Nijeriya ya ɗauki nauyin horar da su, sa'an nan su rufe in zaɓe ya gabato ana neman wanda za a ɗora wa laifin rashin aiki. Wannan ra'ayi muna goyon bayansa.

Sai dai Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Ilmin da Kano take alfahari da shi, da hannun baƙi aka gina shi. Tarihi ya nuna malaman Wangarawa sun iso Kano a zamanin Sarki Yaji, cikin ƙarni na 14. Shehu Magili ya zo daga arewacin Afirka a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ya rubuta masa nasiha a kan yadda ake riƙon mulki. Makarantar Shari'a da aka buɗe a 1934, wadda ta zama Makarantar Nazarin Larabci, malamai daga Sudan ne suka kafa harsashinta. Farfesa Abdullahi al-Tayyib, shi ma mutumin Sudan, ya shugabanci Kwalejin Abdullahi Bayero a shekarun 1960, kafin ta zama cikakkiyar jami'a a 1977. A Zariya kuma, Farfesa Abdullahi Smith, haifaffen Ingila, shi ya raini sashen tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello, ya kafa Gidan Arewa a Kaduna, ya zama ɗan ƙasa, ya rasu a nan a 1984. Da a ce an tare waɗannan bayin Allah a bakin ƙofa, da asarar tamu ce.

Duk da wannan tarihi, mun sha ɗaukar dokar shige da fice mu mayar da ita bulala. Dakta Patrick Wilmot, haifaffen Jamaika, ya koyar da ilmin zamantakewa a Jami'ar Ahmadu Bello har shekara 18. Ya auri 'yar Nijeriya, ya yi rubuce-rubuce a kan yaƙi da mulkin wariyar launin fata a Afirka ta Kudu, ya kuma yi suna wajen sukar masu mulki ba tare da tsoro ba. A 1988, zamanin mulkin Janar Ibrahim Babangida, jami'an tsaro suka ɗauke shi daga Zariya, aka kai shi Legas, aka sa shi a jirgi zuwa Landan. Ba a gurfanar da shi gaban wata kotu ba, ba a kuma ba shi damar kare kansa ba. A cikin shekarar ce gwamnati ta haramta ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU. Saƙon da sauran baƙin malamai suka karɓa a bayyane yake: takardar izinin zamanka tana rataye ne a kan shirunka.

Bulalar nan ba ta tsaya a kan baƙo kaɗai ba. A watan Janairun 1980 aka kama Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye a Majalisar Dokokin Jihar Borno, aka tsallakar da shi zuwa Chadi da sunan wai ba ɗan Nijeriya ba ne. Sai da kotu a Maiduguri ta tabbatar masa da 'yancinsa na ɗan ƙasa, ta kuma ba da umarnin a biya shi diyya. Abin lura a nan shi ne, abin da ya ceci Shugaba shi ne samun damar zuwa gaban alƙali, abin da Wilmot bai samu ba.

Sai kuma babbar kora ta 1983. Ranar 17 ga Janairu, Ministan Harkokin Cikin Gida, Alhaji Ali Baba, ya ba duk baƙin da ba su da takardu mako biyu su fice. An ƙiyasta mutum kusan miliyan 2 ne suka fita, kimanin rabinsu mutanen Gana. Duk wanda ya yi makaranta a wancan zamani ya san yadda malaman Gana suka riƙe darussan lissafi da Turanci da kimiyya a makarantunmu, ya kuma san yadda da yawansu suka tattara suka bar mu a shekarun da suka biyo baya. An ce za a samar wa 'yan ƙasa aiki, a kuma magance irin fitinar Maitatsine ta Disamban 1980. Amma ciwon tattalin arzikinmu faɗuwar farashin man fetur ne, bai warke da korar kowa ba, fitinar kuma ta sake ɓarkewa a Jimeta a 1984 da Gombe a 1985. Gana ma ta yi irin wannan kora a 1969, zamanin Dakta Busia, inda ta shafi Yarbawa da Hausawan zango da suka daɗe a Kumasi da Ankara, ita ma ba ta ga ribar da ta zata ba.

Muna sane da hujjar masu neman a ƙara tsananta doka. Iyakokinmu suna da faɗi, makamai suna shigowa, 'yan ta'adda da ɓarayin daji suna tsallakawa yadda suka ga dama. Wannan gaskiya ne, kuma ba mu ce a bar iyaka sakaka ba. Amma mai safarar bindiga ba ya bin layi a ofishin biza, ba ya kuma cike takardar izinin zama. Wanda tsauraran ƙa'idoji suke kamawa shi ne mai bin doka: malami, da ɗalibi, da majinyaci, da ɗan kasuwa. Rufe iyakar da aka yi daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, da wanda aka yi da Jamhuriyar Nijar daga Agustan 2023 zuwa Maris na 2024, sun nuna mana haka. Ɗaliban Nijeriya da ke karatu a Maraɗi, da 'yan Nijar da ke karatu a Kano da Katsina da Sakkwato, suna cikin waɗanda suka fi ɗanɗana kuɗarsu.

Saboda haka muna ba da shawarwari kamar haka. Na farko, Majalisar Dokoki ta Tarayya ta sake duba Dokar Shige da Fice ta 2015, ta tabbatar ba a fitar da wanda yake zaune bisa ƙa'ida daga ƙasar nan ba sai an faɗa masa laifinsa a rubuce, an kuma ba shi damar zuwa kotu. Na biyu, a gyara sashe na 26 na Tsarin Mulkin 1999, wanda ya ba matar da ɗan Nijeriya ya auro damar zama 'yar ƙasa ta hanyar rajista, amma ya hana mijin 'yar Nijeriya irin wannan dama. An kawo ƙudurin gyaran a watan Maris na 2022 bai sami shiga ba, ya kamata a sake kawo shi. Na uku, tun da Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ƙungiyar ECOWAS a Janairun 2025, Gwamnatin Tarayya ta nemi rubutacciyar yarjejeniya da Nijar wadda za ta kare zirga-zirgar malamai da ɗalibai, kada a bar su a hannun saɓanin siyasa. Na huɗu, Ma'aikatar Harkokin Waje ta riƙa sa maganar bizar malamai da masu bincike a gaba duk lokacin da take tattaunawa da ƙasashen da ke cin moriyar ƙwararrunmu.

Shawara ta ƙarshe ita ce mafi nauyi. Muddin albashin malamin da ke Ƙauyen Alu ba ya kai shi ƙarshen wata, ɗakin gwajinsa kuma babu wuta babu kayan aiki, to zai ci gaba da tsayuwa a layin ofisoshin jakadanci, kuma in ya samu ya fita da wuya ya dawo. Ƙasar da ta riƙe malaminta da mutunci ita ce take iya ɗaga murya in an wulaƙanta shi a waje. Ga ma'aikatan gwamnati da takardun baƙi suke bi ta teburinsu, muna tunatar da su cewa yadda suka karɓi baƙon malami yau, haka za a ba da labarinmu a ƙasarsu gobe. Ga ɗalibai kuma, su nemi sanin tarihin malaman da suka ƙetaro hamada da teku suka koyar da iyayensu, domin wata rana su ne za su riƙe alƙalamin da ake sa hannu da shi a kan takardar shiga ko ta kora.