Ƙwallon Ostareliya: Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi

A kowace shekara, cikin watan Nuwamba, hukumar da ke kula da ƙwallon ƙasar Ostareliya, wato AFL, takan tara kulob-kulob 18 da ke ƙarƙashinta domin su raba matasan 'yan wasan da suka yi fice a faɗin ƙasar. Kulob ɗin da ya zo na kashin baya a gasar da ta gabata shi ake ba damar fara zaɓa, mai bi masa ya biyo baya, har a kai ga zakaran gasa wanda shi ne na ƙarshe. Ma'ana dai, yaron da ya fi kowa bajinta a cikin tsaransa, mai shekara 18 da haihuwa, ladan da yake samu shi ne a tura shi kulob mafi rauni, ko da kuwa kulob ɗin yana nesa da garinsu da tafiyar awa huɗu a jirgin sama, kuma ba a neman yardarsa. Wannan tsari ya daɗe yana shan yabo a duniyar wasanni, kuma ya cancanci wani kaso na yabon. To amma a ganinmu lokaci ya yi da za a tambayi wanda ke ɗaukar nauyin adalcin da ake tutiya da shi.

Ya kamata mu fara da ɗan bayani, tun da yawancin masu karatunmu ƙwallon Ingila da ta Sipaniya suka sani. Wasan da muke magana a kai ya sha bamban da ƙwallon ƙafar da aka saba gani. Ana yin sa ne da ƙwallo mai siffar ƙwai, a fili mai irin wannan siffa, kowane ɓangare da mutum 18, ana bugu da ƙafa ana kuma cafewa da hannu. An rubuta dokokinsa na farko a birnin Melbourne a 1859, aka kafa gasar jihar Victoria wadda ta fara a 1897, sannan ta faɗaɗa ta zama gasar ƙasa baki ɗaya, aka sauya mata suna zuwa AFL a 1990. Har yanzu 10 daga cikin kulob 18 a jihar Victoria suke. Babu faɗuwa zuwa ƙaramin rukuni kamar yadda ake yi a Ingila, kuma galibin kulob-kulob ɗin mallakar membobinsu ne masu biyan kuɗin rajista a kowace shekara, ba na wani attajiri guda ba.

Wuya ce ta haifar da tsarin daidaitawar. A shekarun 1980 manyan kulob-kulob irin su Carlton suna zuba kuɗi suna kwashe gwanaye daga sauran jihohi, ƙanana kuma suna cin bashi domin kada a bar su a baya, har da yawansu suka kai bakin durƙushewa. South Melbourne ta tattara nata ya-nata ta koma Sydney a 1982. A 1989 an shirya haɗe Footscray da Fitzroy, sai da magoya bayan Footscray, mazauna unguwannin ma'aikata na yammacin Melbourne, suka bi gida-gida suka tara fiye da dalar Ostareliya miliyan ɗaya da rabi cikin 'yan makonni kafin kulob ɗinsu ya tsira. Ita kuwa Fitzroy, wadda aka kafa a 1883, ta kuma ci kofi sau 8, ba ta samu mai ceto ba. Bashi ya yi mata katutu, a 1996 aka haɗe ta da Brisbane Bears, aka samar da Brisbane Lions. A cikin wannan yanayi ne aka soma zaɓen matasa na ƙasa a 1986, aka kuma sanya iyaka ga jimillar albashin da kowane kulob zai iya biyan 'yan wasansa. Daga 2015 aka ƙara da wata iyakar a kan abin da ake kashewa masu horarwa da sauran ma'aikatan sashen wasa, wanda duk ya ƙetare ta zai biya haraji. Bugu da ƙari, hukumar takan fifita masu rauni wajen rabon kuɗin da take samu, kuma kuɗin ba kaɗan ba ne, domin yarjejeniyar nuna wasa a talabijin ta 2025 zuwa 2031 kaɗai ta kai dala biliyan 4.5.

Babu mai musun cewa an ga amfanin wannan. Sydney ta ci kofi a 2005 bayan rabonta da shi tun 1933. Footscray ɗin nan da aka ceto da kuɗin karo-karo, wadda yanzu ake kira Western Bulldogs, ta ɗauki kofi a 2016, karon farko tun 1954. Richmond ta biyo baya a 2017, Melbourne kuma a 2021 bayan jiran da ya faro tun 1964. A ɗaya gefen, arziki bai hana wasu shan kashi ba. Carlton, wadda aka ci ta tarar kusan dala miliyan ɗaya aka kuma ƙwace mata damar zaɓen matasa a 2002 saboda biyan albashi ta bayan fage, rabonta da kofi tun 1995. West Coast, ɗaya daga cikin mafi kuɗi a gasar, wasa ɗaya tak ta ci a kakar 2025. Duk wanda ya saba da gasar da 'yan tsirarun kulob ke juya kofi a tsakaninsu zai yi sha'awar irin wannan.

Sai dai iyakar albashi ta toshe ƙofa guda ce kawai, ratar da ke tsakanin mai shi da marar shi kuwa ta samu wasu ƙofofin. Ta farko ita ce jadawalin wasanni. Kowane kulob yana buga wasa 23 da abokan hamayya 17, don haka wasu ake haɗuwa da su sau biyu, wasu sau ɗaya, kuma hukumar ce ke tsara wannan da idon ciniki. Tun 1995 karawar ranar tunawa da sojojin ƙasar, 25 ga Afrilu, a babban filin MCG mai ɗaukar kimanin mutum 100,000, ta zama gadon Collingwood da Essendon. North Melbourne ce ta fara jarraba wasan daren Juma'a a 1985, lokacin da manya ke ƙyamarsa, amma da aka ga ya zama lokacin da ya fi tara 'yan kallo sai aka mayar da ita gefe, mai wuri ya zo mai tabarma ya naɗe. Kulob ɗin da ake yawan nunawa shi ke samun kamfanonin talla da sababbin membobi, shi ya sa irin su Collingwood da West Coast suka haura membobi 100,000, yayin da North Melbourne ta kwashe shekaru tana kai wasannin gidanta tsibirin Tasmania, daga 2025 kuma ta soma kai wasu jihar Yammacin Ostareliya, domin samun kuɗin shiga. Wasan ƙarshe na cin kofi ma an ƙulla yarjejeniyar yin sa a MCG har zuwa 2059, filin da yake gida ne ga wasu, baƙon wuri ga wasu.

Ƙofa ta biyu ita ce 'yancin sauya kulob da aka ba 'yan wasa a ƙarshen 2012, inda wanda ya yi wa kulob ɗaya hidimar shekara 8 zai iya komawa inda yake so. Hakki ne da ya dace, domin babu ma'aikacin da ya kamata a ɗaure shi wuri guda har ƙarshen aikinsa. Amma tun da albashi kusan ɗaya ne a ko'ina, abin da ke jan ɗan wasa shi ne babban fili, da cincirindon 'yan kallo, da kayan horo na zamani, da fatan cin kofi, da kuma hulɗar da za ta samar masa abin yi bayan ya yi ritaya, kuma duk waɗannan a hannun manya suke. Tom Lynch, ɗaya daga cikin kyaftin biyu na Gold Coast, ya bar ta a 2018 ya koma Richmond, ya ci kofi a 2019 da 2020. Ita kuwa Gold Coast, wadda ta shiga gasar a 2011 ta kuma reni gwanaye da dama da suka watse, sai a 2025 ta fara kai wa zagayen ƙarshe. Mai rauni ya yi reno, mai ƙarfi ya ci moriya, abin da ake ba wanda aka bari a matsayin diyya kuwa shi ne damar zaɓen wani yaron da shi ma sai an sake renonsa daga tushe.

Ƙofa ta uku ita ce dokar uba da ɗa, wadda ta ba kulob fifiko a kan ɗan tsohon ɗan wasansa da ya buga masa wasa 100 ko fiye. Hausawa kan ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, kuma babu mai ƙin ganin ɗa sanye da rigar mahaifinsa. Amma dokar ta yanka layi. Da ita Geelong ta samu Matthew Scarlett da Gary Ablett ƙarami da Tom Hawkins a kan farashi mai rahusa, waɗanda suka taka rawa a zamanin da ta ci kofi a 2007 da 2009 da 2011. Da ita Brisbane Lions, wadda ta kai wasan kusa da na ƙarshe a 2022, ta samu Will Ashcroft, yaron da mutane da yawa ke ganin shi ne gwanin tsaransa, wanda kuma aka zaɓa gwarzon wasan ƙarshe a 2024 da 2025, shekarun da Brisbane ta ɗauki kofi a jere. Bayan kofin 2024 ta sake samun ƙanensa Levi ta wannan hanya. Haka nan kulob huɗu na jihohin New South Wales da Queensland suna da fifiko a kan yaran da suka taso a makarantun horonsu. St Kilda, wadda kofinta ɗaya tak tun 1966, ta daɗe tana kuka da wannan, kuma kukanta yana kan hanya.

To ina makomar yaron da ba ɗan kowa ba? Labarin Jason Horne-Francis ya isa misali. North Melbourne ta zaɓe shi na ɗaya a 2021, ta ɗauko shi daga jihar Kudancin Ostareliya. A shekararsa ta farko kulob ɗin wasa biyu kawai ya ci, aka sallami mai horarwa ana tsakiyar kaka. Da shekara ta ƙare yaron ya nemi a mayar da shi gida, ya koma Port Adelaide, ya kuma sha ihu da tsangwama daga 'yan kallo a filaye daban-daban, wai ya yi butulci. Martanin da aka mayar a yarjejeniyar 2023 tsakanin hukumar da ƙungiyar 'yan wasa shi ne tsawaita kwantiragin farko na yara 20 da aka fara zaɓa daga shekara biyu zuwa uku. Wato an ƙara ɗaure yaron, an bar dalilin da ya sa yake son tafiya. Shekarun farko su ne ke gina ɗan wasa ko su rusa shi, kuma wanda ya faɗa kulob da ke sauya mai horarwa a kai a kai, ba manyan 'yan wasan da zai koya a wurinsu, ga shan kashi kowane mako, ba za a haɗa shi da tsaransa da ya sauka cikin gwanaye ba. Wanda aka zaɓa na ɗaya ma yana da sauƙi, domin sunansa zai nema masa mafita. Wanda aka zaɓa na 50 kuwa, idan shekara biyu ta wuce bai haskaka ba sai a sallame shi, alhali ya jingine karatu ko koyon sana'a.

Muna ganin bai kamata a rushe tsarin ba, domin abin da ya faru da Fitzroy ya nuna inda kasuwar da ba linzami ke kai gasa. Abin da ya kamata shi ne a raba nauyin. Hukumar ta riƙa zagayawa da manyan ranaku da wasannin daren Juma'a, ko kuma ta tara kuɗin da ake samu a ranakun ta raba wa kowa, tun da ita ce ta ƙirƙiri fifikon. Kulob ɗin da ke son ɗan tsohon ɗan wasansa ya biya cikakken farashi. Rage rangwamen da aka yi daga kashi 20 zuwa kashi 10 cikin 100 a 2025 mataki ne mai kyau, amma babu hujjar barin ko da kashi ɗaya ga wanda ya ɗauki kofi. Kazalika, tallafin da ake ba masu rauni a ɗaura shi da sharaɗin kashe shi a kan masu horar da matasa, da likitoci, da karatun yara da walwalarsu, a kuma sassauta musu iyakar kuɗin wannan sashe. Su ma ƙananan kulob-kulob ba mu wanke su ba, domin wasu raunin nasu daga rashin iya shugabanci ya samo asali, kuma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Lokaci kuwa yana ƙurewa. A 2023 an ba Tasmania lasisin zama kulob na 19, ana kuma shirin ta fara wasa a 2028. Kamar yadda aka yi wa Gold Coast da Greater Western Sydney, za a ba ta fifiko wajen zaɓen matasa, kuma waɗanda za su fi jin jiki su ne kulob-kulob ɗin da ke ƙasan tebur a waɗannan shekaru, tare da yaran da za a tura wani sabon wuri su fara gini daga tushe. Manyan kulob-kulob su tuna cewa babu mai cika fili shi kaɗai, sai da abokin karawa da ake tsoron zai iya yin nasara. Idan an yarda cewa daidaito ne ya mayar da wannan gasa abin alfaharin ƙasar, to kuɗinsa ya kamata ya fito daga aljihun waɗanda suka fi cin ribarta, kada a ci gaba da ɗora shi a wuyan yara 'yan shekara 18.