Kada a raba Cotán gida biyu

Duniya ta fi sanin Juan Sánchez Cotán, mai zanen Sifaniya da aka haifa a 1560, da zanen kabeji da kokwamba da karas a bakin taga, bayansu duhu. A 1603 ya bar sana'arsa mai riba a Toledo, ya shiga ƙungiyar 'yan zuhudu ta Kartusiya, ya ƙare rayuwarsa a gidansu na Granada a 1627. A can ya zana tarihin waliyyinsu Bruno, da 'yan uwansu da aka kashe a Ingila zamanin Sarki Henry na 8.

Wasu na cewa zuhudu ya dakushe hannunsa, domin zanensa na addini bai kai na kayan lambu armashi ba. Da gaskiyarsu ta wani ɓangare: mutanen da ya zana sukan fito a sandare. Amma ai ba don masu saye ya yi su ba, don mutanen da suka zaɓi shiru da ƙarancin abinci ne, masu wucewa ta gabansu kullum. Natsuwar nan da ta sa ya tsura wa karas ido har ya ba shi daraja, ita ce ta kai shi gidan zuhudu. Duk wanda ya yabi na farko ya raina na biyu bai fahimci mutumin ba.